Garin Taya a Lambun Malam Abdulsalami

Akwai wani mai renon irin dashe a Birnin Kudu, ana kiransa Malam Abdulsalami. Shekara ashirin da biyu yana renon tumatir da tattasai a cikin ledoji, manoman rani daga Kangire har Fagam suna zuwa ɗauka. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, shi ya sa ba ya son gyara.

Wata shekara abokinsa Zakka mai faci ya kawo masa buhu uku na niƙaƙƙiyar tsohuwar taya. Ya ce ya ji ana gauraya ta da ƙasar shuka don kada ruwa ya kwanta. Malam ya zuba da yawa. Ledoji suka yi sauƙin ɗauka, ruwa na wucewa, ya ji daɗi.

Bayan sati biyu sabon ganye ya fara yin rawaya, tsiron ya tsaya cak. Ya ƙara taki, ya yi feshi, babu canji.

'Yarsa Ummussalma ta karanta kimiyyar ƙasa, tana gida tana jiran aiki. Ta zazzage leda ɗaya, ta ga saiwar gajera, ta yi duhu.

Ta ce, "Baba, ina zargin tayar nan. Akwai zink a cikinta."

"Zink? Irin na kwanon rufi?"

"Shi. Shuka na buƙatarsa, amma ɗan kaɗan. In ya yi yawa, saiwa ta sha fiye da kima, sai ya ƙone ta, ya hana ta jan sauran abincin."

Malam ya yi dariya. "Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin. Sanyi ne ya kama su."

Ba ta yi musu ba. Ta roƙi leda talatin, ta jera su layi uku a bayan madafa: layi ɗaya babu taya, ɗaya da ɗan barbaɗe, ɗaya da yawan da babanta ya zuba. Iri ɗaya, ruwa ɗaya. Kullum Malam zai wuce ya yi kamar bai gani ba.

Kafin sati uku, layin farko da na biyu sun yi kore shar. Na uku ya yi rawaya, sak irin na lambunsa. Ya daɗe a tsugune a gabansu.

A satin nan Yunusa, shugaban manoman rani na Fagam, ya iso da mutum shida don ɗaukar dashensu. Da a ce Malam ya ce musu sanyi ne, da sun yarda, domin ba su taɓa kama shi da ƙarya ba.

Sai ya kai su bayan madafa, ya nuna musu layukan.

Ya ce, "Wancan irin ba zan ba ku ba. Ni na ɓata ƙasar da hannuna. Yarinyar nan ta faɗa mini, na ƙi ji. Ku ba ni sati huɗu in sake."

Yunusa ya ɓata rai. "Malam, lokaci na tafiya fa."

"Na sani. Wanda ba zai iya jira ba, ba zan ga laifinsa ba."

Uku suka tafi wani wurin. Sauran suka jira. Uba da 'ya suka sake cika ledoji da ƙasa da takin gargajiya, har Zakka ya rufe shagonsa kwana biyu ya zo ya taya su. Dashen ya fito lafiyayye, ya kama a gonaki.

Da labarin ya bazu, Yunusa da kansa ya gayyaci Ummussalma ta yi wa manoma bayani ranar kasuwar Gwaram. Mutum ya fi saba'in. Malam ya sa sabuwar riga ya zauna a sahun gaba. Wani dattijo a gefensa ya tambaye shi, "Wannan malamar daga ina aka turo ta?"

Malam ya gyara zama, ya ce da ƙarfi, "Daga gidana. 'Yata ce. Ni ma a wurinta na koya."

Darasi: Daɗewa a sana'a ba ya hana kuskure, kuma amsa kuskure a gaban mutane ƙara girma yake yi. Ka saurari ɗan da ka tura makaranta, ka gwada sabon abu a kaɗan kafin ka zuba shi a gona duka. Ku tura wa manomin da kuka sani.