Dalilin da Ya Sa Kan Tarwaɗa Ya Baje Kamar Faifai

Dalilin da ya sa kuke ganin kan tarwaɗa a baje, idanunta 'yan mitsi-mitsi, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ba haka aka halicce ta ba. Bakinta ne ya ja mata. Ku zauna in ba ku labarin, amma duk wanda ya katse ni da tambaya shi zai wanke tukunyar kifin nan.

A da can, kan tarwaɗa mulmulalle ne kamar curin fura, duk tsoka, ba ƙashi sai ɗan kaɗan. Babu abin da ya kai shi daɗi a farfesu, ita ma ta san da haka, shi ya sa kullum take kwance a gindin gulbi tana ɓoye shi cikin laka.

A bakin gulbin akwai wani masunci ana ce masa Barmo, da matarsa Kulu. Barmo mutumin kirki ne, sai dai bai san tsaka-tsaki ba. In Kulu ta ce ya ɗebo itace, bishiya guda zai jawo. In ta ce ya rage murya, sai ya yini bai ce uffan ba. A zamanin, masu fatsa sukan ɗaura dalmar da ke nitsar da zare a sama, ƙugiya a ƙasa tana jan laka, saboda haka mazauna laka ne kullum ke shan wahala.

Ran nan da hantsi Barmo ya ja fatsarsa, sai ga Tarwaɗa tana wutsil-wutsil. Kulu na bakin ruwa tana wanki. Tana hango wannan kai sai ta yi guɗa.

"Maigida, yau mun dace! Gangar jikin taka ce, kan nawa ne. Bari in je in jajjaga attaruhu."

Tarwaɗa ta yi wuf ta dubi Barmo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsaya mu yi magana. Kai da girmanka, ka tsaya kana cin irinmu? Ka taɓa kama Giwan Ruwa?"

Barmo ya sosa ƙeya. Shekara ashirin yana su, bai taɓa ba, abin kuma na damunsa ƙwarai.

"Ba za ka taɓa kama shi ba," in ji Tarwaɗa, "don shi ba ya cin ƙasa. Kamu ɗaya sama da laka yake wucewa. Ka juya ɗaurinka, nauyi a can ƙarshen zare, ƙugiya a sama da shi kamu ɗaya, tanar da ka maƙala mata na reto daidai bakinsa. Ni zan kwanta a ƙarƙashin hanyarsa in riƙa sako kumfa, inda ka ga kumfa nan za ka saki. Ka ba ni kwana uku. In bai shiga hannunka ba, na rantse zan kawo kaina da kaina wurin Uwargida."

Kulu ta ce, "Maigida, kifin da ke hannu ake ci." Amma Barmo ya riga ya hango kansa yana ratsa gari da Giwan Ruwa a kafaɗa. Ya cire ƙugiya ya sake ta. A zamanin kifi ba ya saɓa rantsuwa, don haka kwana uku ne cif tsakanin kan Tarwaɗa da tukunyar Kulu.

Rana ta farko Barmo ya ce babban kifi sai babbar igiya. Ya kwance igiyar gugan rijiyarsu, ya ɗaura ƙugiya da dutse yadda aka koya masa, ya shiga kwalekwale, ya ga kumfa ya saki. Giwan Ruwa ya taho yana taƙama, ya ci karo da igiya kaurinta ya kai damtsen jariri. Ya zagaya ta sau biyu, ya dubi tanar da ke maƙale, ya ce, "Baiwar Allah, wa ya yi miki wannan ɗauri? Akuya ce ke?" Ya yi dariyarsa ya wuce.

Tarwaɗa ta taso a fusace. "Ranka ya daɗe, shi fa ba makaho ba ne! Siririn zare za ka nemo, wanda ido ba ya gani a ruwa. Nauyin ma ka rage, ƙararsa ta firgita gulbi duka."

Barmo ya koma gida ya roƙi Kulu. Ta yi tsaki, amma ta murza masa zaren rama siriri kamar gashin wutsiyar doki, mai ƙarfi kuwa. Zaren dai ya yi. Da aka zo maganar rage nauyi, sai Barmo ya duƙa a tsakar gida ya tsinci tsakuwa wadda ba ta fi ƙwayar gero ba, ya ɗaura.

Rana ta biyu ya ga kumfa ya saki. Tsakuwar ko nitsewa ba ta yi ba. Ruwa ya kwashi zare da ƙugiya da tana ya yi yamma da su, har suka sarƙe a ƙafar wata balbela da ke kiwonta ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tarwaɗa na ƙasa tana ta busa kumfa har kumatunta suka yi tsami, ba ta ga komai ya sauko ba.

Ta taso, tana haki. "Saura kwana ɗaya fa! Kaina za a dafa, kai kana wasa da tsakuwa! Ƙara nauyi, bawan Allah, ƙara nauyi!"

"Kamar yaya?" in ji Barmo.

"Ka ƙara dai!" Ta nitse cikin fushi.

To, ka ce wa Barmo ya ƙara, ba ka faɗa masa iyaka ba, ai ka gama da kanka. Washegari da safe Kulu ta jiƙa dawa, ta fito za ta yi niƙa, ta tarar da gurbin dutsen niƙanta wayam. Ta bi sawun abin da aka ja a ƙasa har bakin gulbi. Can ta hango mijinta a tsakiyar ruwa, kwalekwale ya karkace, yana rungume da dutsen, ya ɗaure shi da zaren nan siriri.

"Maigida! Dutsena! Na gadon kakata ne!"

"Yi shiru, Kulu, za ki kore shi. Ga kumfa nan!"

Ya saki. Zaren bai ko yi gardama ba, ya ce tas. Dutse ya tafi shi kaɗai. Tarwaɗa na kwance daidai wurin, ta kumbura kumatu, ta ɗaga kai don ta ga ko yau an dace. Tim!

Kumfa ta tsaya. Gulbi ya yi tsit. Giwan Ruwa, da ya ji girgizar, ya bar unguwar, bai dawo ba sai washegari. Masu iya magana suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ita wannan a cikin nata ramin ta kwanta tana jira.

Sai wajen la'asar ta samu ta zare kanta daga ƙarƙashin dutsen. Kwana uku sun cika, rantsuwa kuma rantsuwa ce. Ta taho bakin ruwa a karkace, ta ce da wata irin murya, "Uwargida, ga ni. Ga kan."

Kulu ta ɗaga ta. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Kai ya baje, baki ya tafi har kunne, idanu sun rabu kamar sun yi faɗa. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce ƙwas-ƙwas.

"Ina naman?"

"Ya koma ciki, Uwargida."

"Wannan ai murfin tukunya ne. Ni zan ɓata attaruhuna a kan wannan?" Ta wurga ta cikin ruwa, ta juya kan Barmo. "Kai kuma tuɓe rigarka, ka nitse ka ɗauko mini dutsena."

Haka Tarwaɗa ta tsira da kanta, in dai wannan za a kira shi kai. Da safe Kulu da kanta ta gutsuro dalma kamar ƙwayar gujiya, ta auna a tafin hannu, ta ɗaura a ƙarshen siririn zare, ƙugiya a sama. Ta miƙa wa Barmo, ta ce in ya ƙara ko ya rage, a kwalekwale zai kwana. Kafin azahar ya ratsa gari da Giwan Ruwa a kafaɗa, yana gaya wa kowa dabararsa ce.

Shi ya sa har yau mai fatsa na gari yake zaɓar siririn zare, ya auna dalmarsa daidai ƙarfin ruwa, kan tarwaɗa kuwa yana nan a baje, mai cinsa tsotsar ƙashi kawai yake yi. In kun fito da ita daga ruwa, ku lura, za ta yi ta buɗe baki tana rufewa. Wata shawarar ce ta zo mata, sai ta tuna, ta haɗiye abarta.