Alƙalin da Ya Bi Gida-Gida Yana Karanta Alluna

An yi wani mutum a nan yankinmu na masu haƙar kwal, alƙalin jiha ne. Ba zan kama sunansa ba, manyan cikinku sun san shi. Ya hau kujera gashinsa baƙi wuluk, har furfura ta rufe shi yana kai. A nan da ƙuri'a ake zaɓen alƙali, kuma duk zaɓe shi kaɗai ke tsayawa. Wane lauya zai ja da mutumin da gobe zai kai ƙara gabansa?

Ya 'yan'uwa, kujera in ta daɗe da mutum, sai ya ɗauka gadon ubansa ce.

Ana nan sai aka kawo batun ƙayyade wa alƙalai wa'adi, aka ce jama'a su yanke da ƙuri'a. Kun san al'adarmu, lokacin zaɓe kowa kan kafa allo a ciyawar ƙofar gidansa, ya nuna inda ya karkata. Sai mutumin nan ya tsiri yawo a mota ran Lahadi bayan an tashi daga coci, yana tafe a hankali yana karanta allunan mutane. Alƙali fa! Wanda aka rantsar ya yi gaskiya ba sani ba sabo.

Akwai wata dattijuwa, Verna Tackett, mai dafa abinci a makarantar firamare. Ita ke riƙon jikarta Shelby tun da ƙwaya ta kashe uwar yarinyar. A lokacin alƙalin nan ne zai yanke ko za a bar mata riƙon. Ta kafa nata allon: wa'adi biyu sun isa. Maƙwabcinta Dwight ya leƙo ta kan shinge.

"Haba Verna, shari'ar riƙon yarinya na gabansa, za ki tsokano tsuliyar dodo? Tuge abin nan!"

"Kai dai Dwight tsoro ne zai kashe ka. Ciyawar tawa ce ko ta ubansa?"

Ranar shari'a babu wanda ya kawo aibin matar nan. Malamai sun yabe ta, likita ya yabe ta. Alƙali ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Na ga kina son a riƙa yanka wa mutane wa'adi. To, naki ya cika yau."

Aka ɓamɓare 'yar shekara uku daga jikin kakarta tana ihu, aka kai wa wasu baƙi a wani gari. Saboda me? Saboda guntun kwali a kan sanda! Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Alƙalin ya faɗi maganar nan kotu cike da mutane, don shekaru sun koya masa cewa ba mai ɗaga masa murya. Nan ya yi kuskure. Kafin mako ya zagayo, irin allon Verna ya tsiro a kowace ƙofa, har da ta Dwight. Ƙuri'ar ƙayyade wa'adi ta yi nasara, ta kayar da shi. Hukumar ladabtar da alƙalai ba ta ma jira ya ƙarasa wa'adinsa ba, ta tuɓe shi, aka hana shi ko aikin lauya. Waɗanda ke yi masa dariyar dole suka daina amsa gaisuwarsa. Ya sayar da gida ya bar gari, ya mutu a ɗakin haya.

Kada ku yi saurin murna. Ɗaukaka ƙara ta ci shekaru. Ranar da aka dawo da Shelby, Verna ta buɗe hannu a bakin ƙofa. Yarinya ta laɓe bayan ma'aikaciyar da ta kawo ta, ta ce, "Wace ce wannan matar?"

Wa zai biya wannan? Wace kotu?

Ya 'yan'uwa, iko aro ne, kuma abin aro mayar da shi ake yi. Wanda ya ƙi sauka da ƙafarsa zai sauko da ka, amma kafin nan sai ya tattake marasa ƙarfi. Mu ma da muka yi ta sake zaɓensa don gudun tsiya, da hannunmu a ciki.

Allah ya kiyaye mu da kujerar da za ta cinye mana imani, ya kiyaye 'ya'yanmu da hukuncin mai jin haushi. Amin.