Murfin Ramin da Magini Ya Shafe

Ya 'yan uwa, ku matso ku ba ni hankalinku. An yi wani mutum, magini ne, irin maginan nan da za su tsaya gaban bango su kanne ido ɗaya, su gaya maka inda ya karkace tun kafin a ɗauko igiya. Ya fi shekara talatin yana riƙe da cokalin gini, kuma bai taɓa yarda an ga kuskure a aikinsa ba. Idan ka ce masa tagar nan kamar ta ɗan goce, sai ya ce wuyanka ne ya goce, ka je a duba ka.

Allah ya buɗa masa, ya gina gida na biyu a bayan layinsu domin ya sa haya. Ɗaki biyu ne da falo, da ɗan fili tsakanin ƙofar ɗaki da get. A filin nan ya haƙa ramin da ruwan banɗaki ke taruwa, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. Ranar da zai zuba murfin kankare a kan ramin, sai rodi ya ƙare masa. Leburori sun tashi, siminti kuwa ya riga ya kwaɓa. Maimakon ya haƙura zuwa gobe, sai ya tsinto guntayen rodi biyu da 'yar waya, ya shimfiɗa, ya zuba kankare a kai. Ya ce a ransa, wa zai leƙa cikin siminti ya ƙirga ƙarfe?

Wani direban motar ɗaukar kaya ya kama hayar gidan, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu. Aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Abin da ɗan haya ya lalata da hannunsa, shi zai gyara. Abin da ya shafi ginin kansa, na mai gida ne. Magana ce a fili, ko yaro zai gane ta.

A damina ta uku murfin ramin ya tsage, tun daga wannan gefe har wancan. Direba ya je ya kira mai gidan. Magini ya zo, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa murfin da gindin cokalinsa, ya saurari ƙarar. Ya 'yan uwa, a wannan lokacin babu wani mahaluki a doron ƙasa da ya fi shi sanin abin da ke ƙarƙashin gwiwarsa. Ya miƙe, ya kakkaɓe wando.

Ya ce, "Motarka ce ta hau kai."

Direba ya ce, "Haba Baba, motata ko get ɗin nan ba ta shiga. Kai ka gina shi, ka san faɗinsa. A waje take kwana."

"To kayan da kake saukewa ne. Wanda ya fasa shi zai gyara, ga takarda nan."

Direban nan ba mai son rigima ba ne. Bayan kwana biyu ya same shi har gida, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, mu bar zancen wa ya yi wa bai yi ba. Ni zan kawo yashi da tsakuwa da motata, in yi maka lebura da kaina. Kai ka kawo rodi da siminti, a fasa a sake zubawa. Yara nake ji wa tsoro."

Kuna tsammani rowa ce ta hana shi? Wallahi ba rowa ba ce, yana da buhunan siminti jibge a ɗakin ajiya. Kalmar nan ta "a fasa" ita ta tsaya masa a wuya. Idan aka fasa murfin da rana tsaka, ga maƙwabta ga 'yan kallo, kowa zai ga abin da babban magini ya binne a ciki. Sai ya zaɓi sunansa, ya kori direba da baƙar magana.

Direba ya koma ya ɗauko tsofaffin tayoyi huɗu ya kewaye wurin da su. Ya ja wa yaransa kunne. Matarsa ta canja inda take ɗaura igiyar shanya. Duk wanda ya shigo gidan ya ga tayoyi ya ga tsaga, sai ya ratse ta gefe. Haka aka zauna wata biyu, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Yanzu bari in gaya muku labarin matar maginin, domin ita ce abin da ke ƙona mini rai a wannan labari. Baiwar Allah ce mai fara'a, mai ɗan jiki, mai son mutane. Shekara talatin tana wanke siminti daga rigunansa, tana shafa masa mai a hannuwan nan da suka farfashe. Idan suna tafiya a hanya ta ga wani gini, sai ta nuna wa 'ya'yanta ta ce, "Kun ga wancan? Babanku ne ya ɗora shi." Ba ta san komai a kan gini ba, abu ɗaya ta sani, idan mijinta ya yi aiki to ya yiwu.

Ita ta riƙa damunsa da zancen ramin. Kullum idan ta ajiye masa abinci sai ta ce, "Malam, kai da kake gyara wa duniya gidaje, naka ne zai gagare ka? Ko da yaron nan ne ya fasa, ai ɗa ne a wurinka. Ka gyara don Allah." Shi kuwa sai ya ɗaure fuska ya ce mata ta bar shi ya ci abincinsa.

Abin da roƙonta bai yi ba, zolaya ta yi. Wani abokin sana'arsa ya wuce ta ƙofar gidan hayar, ya leƙa, ya zo wurin aiki yana dariya, wai ashe yanzu babban magini da taya yake rufe masai. Maganar ta soke shi har zuciya.

Washegari da safe, ya san direba ya yi tafiya, sai ya ɗauki kwano ɗaya na siminti ya nufi gidan. Ya kwashe tayoyin nan ya jefa su bayan katanga. Ya yayyafa ruwa, ya cike tsagar, ya bi murfin gaba ɗaya da shafe mai kaurin ɗan yatsa. Ya goge shi sumul har yana ƙyalli. A kan haka kam gwani ne, wanda ya gani sai ya rantse sabon murfi aka zuba.

Matar direba tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ashe ba fasawa za a yi ba?"

Ya ce, "Ke kika koya mini gini?"

Ta ja yaranta ciki.

Ya 'yan uwa, ku duba abin da mutumin nan ya aikata. Da can ramin yana da haɗari, amma kowa yana ganin haɗarin. Tsagar tana gargaɗi, tayoyin suna gargaɗi. Shi bai ƙara wa murfin ƙarfi ko na allura ba, gargaɗin kawai ya kawar.

Ya dawo gida ya wanke hannu, ya ce wa matarsa, "To, sai ki huta da mita. Na gyara." Fuskarta ta washe. Ta yi ta sa masa albarka, ta shiga kicin ta dafa masa abin da ya fi so. Ya zauna ya cinye. Har yau ina mamakin yadda lomar nan ta wuce masa.

Bayan kwana uku ta shirya ta tafi gidan hayar, ba tare da ta gaya masa ba. So take ta ba su haƙuri a kan maganganun da mijinta ya yaɓa musu, ta wanke tsakani. Ta tura get ta yi sallama. Matar direba tana shanya, ta juyo ta gan ta ta miƙe hanya sosai zuwa tsakiyar fili.

Ta ce, "Mama, ki bi ta gefe! Ni ban yarda da wurin nan ba."

Ta yi dariya ta ce, "Haba 'yata, shekara talatin ina taka aikin mutumin nan, bai taɓa kayar da ni ba."

Ta taka. Murfin ya rabe biyu, ta tafi ƙasa, rabin kankaren ya bi ta.

Magini yana kan tsani a wurin aiki aka zo aka gaya masa. Ya zo a guje ba takalmi. Abin da ya tarar shi ne direban nan, wanda ya dawo daga tafiya da safiyar ranar, ya ɗaura igiyar kayansa a ƙugu ya shiga cikin ƙazantar nan har ƙirji yana tallabo ta, maƙwabta suna ja. Mutumin da ya ɗora wa laifi shi ya fito da ita, shi ya kai ta asibiti a motarsa.

Ƙirjinta ya karye, ta kuma shaƙi abin da ta shaƙa. Ta farfaɗo sau ɗaya. Ta ga mijinta a bakin gado, ta daɗe tana kallonsa. Babu fushi a idonta, mamaki ne kawai, irin na wanda aka ba shi labarin da bai gane ba. Ta ce a hankali, "Malam, ai ka ce mini ka gyara." Kafin la'asar Allah ya yi mata rasuwa.

Abin da ya ɓoye kuwa ya fito a gaban kowa. Ga ɓaraguzan murfi a fili, ga guntayen rodi biyu sun yi tsatsa, ga sabon shafe a kan tsohuwar tsaga. Abokan sana'arsa suka zo suka duba suka sunkuyar da kai. Babban ɗansa ya ɗauki ɓangare ɗaya ya jujjuya shi a hannu, ya ajiye a gaban mahaifinsa, ya fita. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma daga bakin ƙofa.

Direba bai kai ƙara ba, bai ko ɗaga masa murya ba. Ya yi masa ta'aziyya yana hawaye, ya kwashe iyalinsa ya bar gidan. Ba wanda ya sake neman hayarsa. Masu ba magini aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata uku ya koma gidan hayar shi kaɗai, ya ɗaura rodi a matse har ba wurin sa hannu, ya zuba murfin da ko tirela za ta iya tsayawa a kai. Yana aikin yana kuka, babu mai ba shi haƙuri. Da ya gama ya ajiye cokalin, bai sake ɗaukarsa ba. Wuni guda aikin ya ci masa, ya 'yan uwa, wuni guda.

To, kai mai gidan haya, ka ji. Ranar da ka miƙa wa mutum makulli, ka karɓi amanar ransa da na 'ya'yansa. Katangar da ta karkata, da rumfar da ta ruɓe, da ramin da ya tsage, idan daga gininka ne to a wuyanka suke, ko takarda ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Kada ka juya takardar yarjejeniya ta zama wurin ɓuya daga abin da zuciyarka ta sani. Kai kuma ɗan haya, abin da ka lalata ka gyara, abin da ka ga yana lalacewa ka faɗa da wuri, ka yi ta faɗa har a ji. Kai kuma mai sana'a, faɗin "na yi kuskure" bai taɓa kashe kowa ba. Me ya rage na sunan da mutumin nan ya yi ta karewa? Wa zai dawo masa da matar da ta fi kowa yarda da hannunsa?

Wanda ya san ya shafe wani abu a gidansa ko a aikinsa, ya je ya fasa tun yau, ya ji kunyar mutane ta yini ɗaya. Allah ya jiƙan baiwar nan tasa, ya yafe wa mijinta idan ya tuba. Allah ya kiyaye mu da girman kan da zai sa mu cuci wanda ya amince da mu. Amin.