Kujerar Da Ta Rasa Kafaɗu

Akwai wani ɗan kwangila da ya hau dutsen ƙauyensu ranar 9 ga Agusta da safe, ana yayyafi, gajimare ya sauko har kan rufin ɗakuna.

Mota ba ta hawa ƙauyen. Shi ya sa suke da wata tsohuwar kujera da aka ɗaura wa sanduna biyu. In ciwo ya tsananta, samari huɗu ke saɓa majiyyaci a kanta zuwa bakin titi.

Garin ya daɗe yana raguwa. Duk shekara ɗan kwangilar kan kwashi samari zuwa aikin gini a birni, su kuma su ja iyalansu. An rufe makaranta don babu yara. Ana maganar ɗauke nas ɗin ƙaramin asibitin. Samari huɗu suka rage, kuma su ya zo ɗauka.

Tsohon hedimasta ya same shi a tsakar gidan mahaifiyarsa.

"Ɗana, bar mana waɗannan. In sun tafi, wa zai ɗauki kujera?"

Ya yi dariya. "Baba Malam, kujera a wannan zamani? Garin da awaki suka fi mutane yawa, me kuke tsaro a cikinsa?"

Mahaifiyarsa tana tsintar wake ta ce, "Ni ma cikin awakin ka ƙirga ni?"

"Haba Inna! Ke da na gina wa ɗaki a birni har da fanka."

"Ubanka na kwance bayan dutsen nan. Ba inda zan je."

Hedimasta bai ja maganar ba. Ya miƙa masa wasiƙa zuwa hukumar lafiya, ta roƙon a bar musu nas. "In ka sauka, ka sa mana a gidan waya."

Da ya sauka bakin titi, ya jefa ta aljihun mota, ya tafi da samarin.

Kafin damina ta zagayo an ɗauke nas. Wata safiya numfashin Inna ya sarƙe. Aka fito da kujera. Hedimasta ya kama sanda, tsohon tela ya kama, maƙeri mai ciwon gwiwa ya kama. Na huɗun wata tsohuwa ce, maƙwabciyarta.

A kwanar farko gwiwar maƙeri ta ƙi. Suka sauke ta a gindin wata bishiya suna haki.

Inna ta dube su ta ce, "Ku huta, kada ku riga ni."

Nan ta cika.

Da ɗan ya iso washegari, ya tarar da kujerar a jingine, zanen Inna na kai. Ya ga kafaɗar hedimasta ta saluɓe. Ya jira a yi masa gori, ba wanda ya yi. Tsohon ya ce kawai, "Ka yafe mana, ɗana. Iyakar ƙarfinmu ke nan."

Ya durƙusa ya rungume ƙafar kujerar yana kuka.

Da ya sauka yana neman abin share fuska a aljihun mota, hannunsa ya taɓa wasiƙar, ta yi ƙura. Ya tsaya a gidan waya na farko, ya ƙara layi ɗaya a bayanta, cewa albashin nas a wuyansa yake. Ya manna kan sarki, ya jefa ta akwati.

Darasi: Kada ka raina mutanen da suka rage a garinku don sun yi kaɗan ko sun tsufa. Duk wanda ka ɗauke, akwai nauyin da ya bari a baya, wataƙila na mahaifiyarka ne. Saƙon da aka ba ka kuma, isar da shi yau. Ku tura wa 'yan'uwan da suka daɗe ba su leƙa gida ba.