Garkar Gwaggo Kuluwa

Ku gyara zama ku ji wannan, kuma kada wanda ya tsinka mini zance sai na dire.

Gwaggo Kuluwa tsohuwa ce da ruwan dam ya cinye garinsu tun tana da goyo. Aka kwaso su a mota aka zube a sabon matsuguni. Ta taho da tukwanenta da tabarmarta, ta manta abu guda, irin barkonon mahaifiyarta. Wani ɗan mitsitsi ne, ja kamar garwashi, ƙamshinsa na riga zafinsa isowa. 'Yar-gangare suke ce masa. Shekara arba'in bai dame ta ba. Sai da tsufa ya kwantar da ita, bakinta ya mutu, tuwo da ƙasa suka zama ɗaya a harshenta, sannan barkonon ya fara zuwar mata. In ta gyangyaɗa da hantsi a gindin darbejiya, sai ta gan ta tana tafiya a ƙarƙashin ruwa, kifaye na shiga ɗakuna suna fita, ga shukar uwarta can ta yi jajir, ganyen na kaɗawa a hankali. Da ta miƙa hannu sai ta farka. Kullum ƙara ramewa take.

Ba ta da ɗa a raye, sai 'ya'yan ƙanenta uku, Jatau da Yalwa da Nomau. Ta tara su ta ce, "Kun ga garkata ta bakin rijiya? Duk wanda ya tayar mini da 'Yar-gangare a ciki, na ɗanɗana, na ga sahihin irinta a batta kafin in tafi, garkar tasa ce."

Jatau mai gyaran keke ne, bai san dashe ba balle taki. Ya rufe rumfarsa ya hau kekensa, ya bi mutanen tsohon gari duk inda suka watsu. Ƙauye bayan ƙauye yana tauna barkonon mutane har leɓɓansa suka tsage, ana yi masa dariya. Wata biyu cur. A ƙarshe ya dace da wani tsoho makaho a wata tunga, wanda ya sa aka lalubo masa tsohuwar battar taba a tsaikon ɗaki. Ƙwaya tara ce a ciki, sun yi duhu, rabon da a shuka su shekara shida. Jatau ya ɗinke su a cikin hularsa ya juyo gida.

Nomau shi ne mai lambu, don haka shi aka fara ba. Ya yafa biyar a kasko yadda ya saba, ga shi lokacin ɗari ne, ƙasa kamar ƙanƙara. Mako uku shiru. Ya ce iri ya mutu. Yalwa, ƙanwarsu mai sayar da koko, ta ce, "Yaya, barci yake, sanyi yake ji." Ta jiƙa huɗun da suka rage a ruwa mai ɗumi, ta naɗe a ɗanyen tsumma, ta ɗaure a cikin zanenta daidai cibiya. Kwana goma sha shida ba ta yi daka ba, ba ta sunkuya a murhu ba, masu sayen kokonta suka koma wani gida. Matan unguwa na tsokana, "Yalwa, yaushe ne suna?" Ta ce, "Ku dai tanadi itacen wankan jego." Uku suka ruɓe. Ta huɗun ta fito da 'yar farar wutsiya. Yalwa ta kwantar da ita a rairayi mai laushi da tsohon taki, ta yi kunne biyu, ta yi ganye shida, aka dasa ta a garka. Gwaggo ta sa aka jawo tabarmarta jikin danga, tana yini tana yi wa tsiron hira da sunayen matattu.

To, lambun Nomau danga ɗaya ce ta raba shi da garkar. Tattasai da attaruhu fal, duk sun yi fure, cin shekarar gidansa ke nan. Ranar da 'Yar-gangare ta fara toho, yana ban ruwa ya ga ƙudan zuma ya tashi daga tattasansa ya tsallaka danga. Ya tsaya da guga a hannu. Ya san aikinsa: in furen nan ya buɗe ƙudan na kai da kawowa, 'ya'yan bana za su yi daidai, amma irin cikinsu ya gauraya, baɗi wani abu ne daban zai fito. Kafin azahar ya tuge lambunsa kaf da hannunsa. Matarsa ta zo da abinci ta tarar da fili. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Ƙalau. Kira awaki su ci."

Da barkonon ya nuna, aka daka ɗaya aka barbaɗa wa Gwaggo a miyar kuka. Ƙamshin ya fara isa, ta rufe ido. Zafin ya biyo, ta yi atishawa uku, hawaye na zuba. Ta ce, "Ita ce, ja'ira!" Ta suɗe kwanon ta nemi ƙari. Sauran aka shanya, iri tsantsa ya cika batta.

Sai su ukun suka zo suka durƙusa gabanta. Ta dubi Jatau da tsagaggun leɓɓa, ta dubi Yalwa, ta dubi Nomau da hannayensa wayam. Baki ya dawo, saura cika alkawari.

Kai mai shirin cewa a raba uku, haɗiye abarka! Faɗin garkar taku shida ne kacal, kuma mutum ɗaya tsohuwa ta yi wa alkawari. Wanda ya nemo, da wadda ta tayar, da wanda ya tsare irin, wa Gwaggo Kuluwa za ta miƙa wa garka?