Manomin da Ya Kwance Rufi

Akwai wata budurwa a wani gari, wadda ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mutumin da za ta aura ba. A wurin injin niƙa ne. Ƙwaryarta ta suɓuce, geron ya watse a ƙasa, mata suna ta dariya. Sai wani manomi da ke jiran layi ya ajiye buhunsa, ya durƙusa yana taya ta tsincewa, yana hure ƙasar da ke tafin hannunsa. Bai ko dubi fuskarta ba sai da ƙwaryar ta kusa cika. Ta koma gida tana cewa a ranta, wanda ya yi wa gero haƙuri haka ba zai yi wa mutum gaggawa ba.

Suka daidaita, iyaye suka sa rana. Manomin ya ce ba zai kai amaryarsa ɗakin haya ba. A lokacin kuwa banki ya sa wani gida a gwanjo a bakin gari, mai ɗaki biyu da bishiyar lemo a tsakar gida. Ɗan mai gidan ne ya jinginar da shi ya ci bashi, ya tafi kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Manomin ya sayi gidan. Da ya je dubawa sai ya tarar da tsoho da tsohuwa a ciki, iyayen wancan ɗan. Ƙafafun tsohon sun kumbura, ba ya iya wuce ƙofar ɗaki sai an riƙe shi.

Manomin ya gaishe su da ladabi, ya shaida musu gidan ya zama nasa. Tsohon ya ce ya sani, ba ya musu, sai dai ba su da inda za su. Ya roƙa a yi musu haƙuri zuwa kaka, ko Allah zai sa ɗansu ya dawo. Manomin ya amsa cewa bikinsa a farkon damina ne.

Wata rana ya kai budurwar ta ga gidan. Tsohon yana kan tabarma, da ya gan ta sai ya washe baki.

"Ga amaryata ta iso," in ji shi. "Rabu da wannan yaron, ki zo kusa da ni. Na fi shi iya riƙon mace."

Tsohuwar ta ce, "Kada ki kula shi, 'yata. Haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma rawa yake yi."

Ta kawo mata ruwa da soyayyar gyaɗa. Budurwar ta yi dariya, ta sha, ta ci. Amma idonta yana kan bango, tana auna inda gadonta zai tsaya da inda za ta jera kwanukanta.

Manomin nan ba ya fashin majami'a, yana kuma tsoron a ce ya ɗaga wa sa'an ubansa hannu. Ya ce shi ba zai kira 'yan sanda ba, ba zai ja tsoho kotu ba, ko cokalinsu ba zai fitar waje ba. Abokansa suka ce ai ba sai an kai ga haka ba. Suka ce a gari in mutum ya ƙi tashi ba a faɗa da shi, rufi ake kwancewa, a ce gyara za a yi, a bar wa sama sauran aikin. Shawarar ta kwanta masa, domin ya ga babu inda hannunsa zai taɓa kowa.

Ya faɗa wa budurwar a hanya, suna dawowa daga sujada. Ta ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta kuma tuna da ƙafafun tsohon. Magana ta zo mata har baki. Sai ta tuna an sa rana, ƙawaye sun ɗinka anko, ta ji tsoro kada ya ɗauka ba ta ɗokin zuwa gidansa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda ka gani."

Kafinta ya zo da safe. Tsohuwar ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu, tana kallo ana zare ƙusa ana sauko da kwano, har rana ta cika ɗakunan. Tsohon ya tambaya ko gyaran zai daɗe, manomin ya ce ba zai daɗe ba. Sai tsohon ya sa masa albarka, ya ce dama rufin ya jima yana yoyo. Aka ɗora kwanon a amalanke, aka tafi da shi.

Ba a jima ba ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska mai ƙarfi. Tsohuwar ta lulluɓe mijinta da tabarma da tsohon buhu, ta sunkuya a kansa tana tare masa ruwa da bayanta. Da ruwan ya ɗauke, maƙwabta suka ɗauke shi zuwa wani zaure. Amma sanyi ya riga ya shiga ƙirjinsa, bai yi kwanaki da yawa ba ya rasu.

Manomin ya je jana'iza, har ya taya haƙa kabari. Da ya ga ana dubansa, sai ya ce, "Ni ban taɓa shi ba. Kwanona na cire."

Tsohuwar ta ɗaure kayanta a zani, ta koma wata rumfa a kasuwa, inda take shimfiɗa tabarmarta in masu rumfar sun tashi. Aka mayar da rufi, aka yi biki, aka raka amarya da waƙa. Amma duk ranar da ruwa ya bugi kwanon nan, sai amaryar ta saki abin da take yi ta tsaya tana kallon rufin.

To, ƙannena, ga ma'anar misalin. Manomin shi ne duk wanda yake so ya yi mugunta hannunsa kuma ya fita da tsabta. Gidan nasa ne da gaske, doka tana bayansa, wannan ne ma ya sa abin ya fi ban tsoro. Mu ma mun iya kwance rufi. Marainiyar da aka kawo gidanku, ba wanda ya kore ta, an dai daina kiranta in an zuba tuwo. Wanda muke so ya bar ƙungiyar mawaƙa, ba mu ce ya tafi ba, mun daina gaishe shi ne har ya daina zuwa. Sai mu ce ba mu taɓa kowa ba. Amma Ubangiji ya san wanda ya zare ƙusa, ba kuwa ruwan sama zai tambaya ba.

Budurwar kuma ita ce wadda na fi so ku duba, domin ta fi kama da mu. Ba muguwa ba ce. Ƙauna take yi, tana tsoron kada ta rasa wanda take ƙauna, shi ya sa ta yi shiru. Shirun nan nata ma ya zare ƙusa.

Tsoho da tsohuwa kuwa, mu ne duka. Muna zaune a gidan da bashinsa ya fi ƙarfinmu. Mai Ceto ya fanshi gidan da jininsa, ya shigo ya same mu a ciki, marasa lafiya, ba mu da inda za mu. Yana da iko ya fitar da mu, amma ya ce mu zauna. Wanda aka yi wa haka, da wane ido zai kwance wa wani rufi?

Ba zan ce muku labarin ya ƙare da daɗi ba, domin tsohon bai dawo ba. Amma wata ranar kasuwa, amaryar da mijinta suna wucewa ta rumfuna, hadari ya yi baƙi, yayyafi ya fara. Suka hangi tsohuwar tana jan ƙunshin kayanta daga inda rumfar take yoyo. Mijin ya kau da kai, ya ce su yi sauri kada ruwa ya tare su. Amaryar ta sauke kwandonta, ta je ta durƙusa a gaban tsohuwar.

Tsohuwar ta ce, "Tashi, 'yata, za ki ɓata zaninki."

Ba ta tashi ba. Ta ɗaga murya yadda mijinta da masu rumfuna za su ji.

"Inna, na sani tun kafin a kwance rufin, na kuwa yi shiru. Daga yau inda na kwana, nan za ki kwana. In a gidan ne, tashi mu tafi tare. In kuwa an hana, sai ki matsa mini a tabarmar nan."