Gaisuwar Hannun Hagu

Ya 'yan uwa, mutumin da zan ba ku labarinsa ya gaida mahaifinsa da hannun hagu a gaban dattawan gari. Bai yi sata ba, bai sha giya ba, salla ma ba ta wuce shi. Laifinsa ke nan guda ɗaya, kuma ya ishe shi.

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin hanya tsakanin Agiye da Gazawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da rai, 'ya'yansa kuma ba su yi mini komai ba. Shi ne ɗan farin mai gari. Shi kaɗai aka kai lakol, wato makarantar boko, a gidansu, ya fito ya iya karatu da rubutu, wani kamfani mai sayen gyaɗa ya ɗauke shi awo a Agiye. A shekarar da ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta ya sayi abu biyu: agogon hannu, da mobilet, keken nan mai inji.

Ku ji ni da kyau, ban zagi mobilet ba. Ni'ima ce daga Allah. Tafiyar da jaki ke yi daga asuba zuwa hantsi, ita kafin a gama dama fura ta kai. Wa zai ƙi wannan?

Amma garin yana da tsarinsa. Duk wanda ke bisa dabba, in ya hango dattawa a gindin gawo, sauka yake yi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, gida, yara, dabbobi, ruwan sama. Kowace tambaya amsarta lafiya lau. Ko gobara aka yi a gidan mutum, amsarsa ta fari lafiya ce. Sai an gama, an sha ruwa, an ɗan yi shiru, sannan mai magana ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutumin nan ya san haka. A ciki aka haife shi.

Da ya ɗaura agogo sai ya fara auna gaisuwa da shi. Yakan ce wa abokan aikinsa, "Na duba, tsoho ɗaya minti bakwai yake cinye mini. To tsofaffi goma fa?" Su yi ta dariya.

Mai gari ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya so ya miƙa rawani tun yana da rai. Dattawa suka ce sabon zamani ya zo, takardu na fitowa daga buro, ofishin hukuma, kullum, ɗan fari kuma ya iya karanta su, shi ya dace. Aka aiki Dikko, aminin mai gari tun suna kiwon awaki tare, ya je Agiye ya kira shi.

Dikko ya hau jakinsa bayan asuba, ya isa da hantsi. Ya tarar da mutumin bisa mobilet, inji na kuka, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Baba Dikko! Kai ne da jakin nan naka? Har yanzu bai mutu ba?"

"Yana nan, ɗana. Ya fi naka ladabi, ba ya tari a gaban manya. An kwana lafiya?"

"Lafiya. Gida lafiya? Tsoho lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"To madalla. Tunda lafiya, ina da awo ƙarfe goma. A gaishe su."

Dikko ya buɗe baki, hayaƙi ya shiga. Ya ɗaure jaki, ya zauna a inuwar bango har la'asar. Mutumin bai dawo ba.

Da ya koma gida, mai gari ya ce, "Ka ga yaron?" Don kun san uba ba ya kama sunan ɗan fari.

Dikko ya ce, "Na gan shi."

"Me ya ce?"

"Ban faɗa masa ba. Bai sauko ba. Ba zan jefa wa mutum maganar gari yana bisa ƙarfe ba."

Uba uba ne, sai ya nema masa uzuri. Ya ce, "Aiki ne ya yi masa yawa. Jibi kasuwar Gazawa, dole ya bi ta nan. Mu zauna masa a gindin gawo."

Ranar suka zauna. Aka share wurin, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Mahaifiyar mutumin, mai suna Baturiya, ta dama fura da nono a babbar ƙwarya. Aka naɗe farin rawani aka ajiye a faifai kusa da ƙafar mai gari. Can sai aka jiyo kukan inji daga yamma. Tsoho ya gyara zama, ya ce, "Ga shi nan."

Ku da ba ku taɓa hawa ba, ku san wannan: a hannun dama ake ba wa mobilet wuta. In ka saki hannun dama, gudu ya ragu. Wanda ke son ya gaida mutane da dama, dole ya sassauta. Mutumin nan ya hango taron, ya hango ubansa a tsakiya, ya dubi agogo. Ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannun hagu, ya ce "Sannunku!" ya wuce. Ƙurarsa ta sauka cikin furar uwarsa.

Tsoho ba ya gani sosai. Ya ce, "Ya tsaya?"

Dikko ya ce, "Ya ɗaga hannu."

Tsoho ya ji dattawa na salati ƙasa-ƙasa. Ya ce, "To mene ne na salati?"

Dikko ya ce, "Na hagu ne."

 Ana cikin haka sai ga Nomau, ƙanen mutumin, ya dawo daga gona. Shi ma yana da nasa ƙarfen, wani tsohon keke. Tun daga nesa ya sauka kamar yadda ya saba, ya jingina shi da rumbu, ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa, ya bi dattawa da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai san me ake ciki ba.

Mai gari ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Wancan na yafe masa, duniya da lahira. Amma mace za ta zo nan da kuka a cikinta, ta fara da lafiya lau. Manomi zai zo shanu sun cinye masa gero, ya fara da lafiya lau. Wanda ba ya iya jiran magana ta biyu ba zai riƙe mutane ba. Dikko, miƙo rawanin."

Nomau ya ce, "Baba, ni ban iya karanta takarda ba."

Tsoho ya ce, "Za a karanta maka. Saurare ne ba wanda zai yi maka."

Sai bayan mako guda mutumin ya ji labari, a bakin wani da ya kawo gyaɗa awo. Ya zo gari a fusace, ran nan kam ya sauka. Ya ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

Dikko ya ce, "Ka tambaya, an ce lafiya lau, ka tafi. Ƙarya muka yi maka? Ga gari nan lafiya lau."

Ya tuba? Bai tuba ba. Ya ce ƙauyanci ne ke damunsu, ya hau ya koma Agiye.

Bayan shekara uku kamfanin ya rufe wurin awo, aka sallame shi. Wata rana yana yawon neman aiki, mobilet ta mutu masa cikin yashi, rana tsaka, nesa da gari. Masu amalanke daga ƙauyensu suka zo wucewa. Suka ce, "Sannu. Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau," kamar yadda kowane ɗan halas zai ce, yana jiran tambaya ta biyu. Suka ce, "To madalla," suka ɗaga hannu suka wuce. Hannun dama suka ɗaga, don su an yi musu tarbiyya. Ya tura ƙarfensa cikin yashi har gida.

Ya 'yan uwa, garin nan yana nan cikin rufin asiri. Nomau na riƙe da shi. Malamin lakol ke karanta masa takardu. Har rediyo sun saya, ana kunna ta a gindin gawo bayan la'asar, amma da an ji sallama sai a rage mata murya. Samari na da kekuna, sun kuma san inda ake sauka. Ashe ƙarfe bai hana ladabi ba. Ƙarfe yana rage maka tsawon hanya ne kawai. Lokacin da ya rage maka, me ka yi da shi? In sauri ya kai ka Gazawa da wuri, amma ba ka da minti bakwai na ubanka, me ka samu?

Wasu ƙarafan na tafe da suka fi mobilet gudu, 'ya'yanku za su hau. Ku koya musu sassauta hannun dama tun yanzu. Allah ya kiyaye mu da gaggawar da ke cinye ladabi, ya sa mu rabu da iyayenmu suna murna da mu. Amin.

Mutumin kuwa yana zaune a wani ɗaki a bayan gidan ƙanensa. Ana kai masa tuwo safe da yamma. In ya yi sallama ana amsawa. Ana tambayarsa lafiya sau ɗaya, ya ce lafiya lau, a wuce. Ba mai zama.